Yashin kwalba na wata warsha a kudancin Jidda: inda ya yi da inda bai yi ba

Tun bayan kafa kamfanin sake sarrafa shara na SIRC a 2017 da hukumar kula da shara ta MWAN a 2019, ƙananan warsha-warsha, wato ƙananan masana'antu, na ta ɓullowa a Saudiyya, kowa da irin sharar da yake tsinta ya mayar kuɗi. Wadda ake magana a kanta a nan tana kudancin Jidda. Aikinta niƙa gilashi, wanda mutanen Hijaz ke kira gazaz, ta sayar wa masu buga interlok, wato bulon shimfiɗa ƙasa, da masu zuba kankare a madadin yashi. 'Yan'uwa mu'allimai, wato ƙwararrun magina, a Jidda da Makka sun raɗa masa suna yashin kwalba, kuma tambayar da ake ta yi ita ce ko za a iya zuba daki, wato rufin kankare mai rodi, da shi. Ba za a iya ba. Amma akwai aikin da ya dace da shi sosai, in an san yadda za a bi da shi.

Kala uku suke sayarwa. Akwai gari mai laushi, akwai matsakaici daga ƙura zuwa milimita 5 wanda shi ne ainihin yashin, sai manya masu launi daga milimita 5 zuwa 10 na kwalliyar daɓe. In ka ɗebi matsakaicin a tafin hannu za ka ga fari ne mai ɗan shuɗi-kore, jefi-jefi da ruwan ƙasa. Wannan launin na gilashin taga ne. Ƙasar da ba a sayar da giya ba ta tara koren kwalba kamar Turai, don haka galibin abin da ke shiga injin nan ragowar yanka ne daga shagunan masu tagar alminiyom, da tagogin gine-ginen da aka rushe, sai kwalaben lemo da na cuku da na turare. A riƙe wannan batun launi, zai dawo a gaba.

Niƙan ya yi kyau, nan kam sai a yaba musu. Injin guduma suke amfani da shi, ba mai matsewa ba, shi ya sa ƙwayoyin ke fitowa dunƙule-dunƙule bakinsu a dakushe. Ka murza a hannu ba ya yanka, sai dai ka ji kaushi. Gilashin da aka matse yakan fito dogo-dogo kamar allura ko falle-falle kamar ɓawon kifi, kuma irin wannan shi ke hana kwaɓi gudana, ya bar rami-rami a jikin zubi, ya kuma huda safar lebura. A nasu, masu tsinin kaɗan ne.

Wanki ne bai yi ba. Zuba rabin bokiti na yashin, ka cika da ruwa, ka juya da sanda. Kumfa za ta taso, da guntayen takardar jikin kwalba, da wani siririn abu kamar leda mai danƙo, wato robar da ke tsakanin gilashin gaban mota. Ruwan kuma yana ɗan warin tsami. Kayan da aka niƙa bayan azumi sun fi muni, saboda kwalaben Vimto da sauran kayan zaƙi da ake tarawa da guntun abin a ciki. Wani zai ce ɗan zaƙi me zai yi wa siminti? Sukari da ya kai kashi 0.05 cikin 100 na nauyin siminti, wato gram 25 a buhu mai kilo 50, kimanin cokali biyu na cin abinci, yana jinkirta kamawar kankare da wasu sa'o'i. In ya haura kashi 0.2 yana iya hana shi kamawa kusan gaba ɗaya. Mu'allim ya zuba da yamma, ya dawo da safe ya danna yatsa ya nutse, sai ya hau zagin mai siminti, alhali laifin na cikin yashi.

Gwajinsa ba wuya. Kwaɓa kofi biyu da siminti ɗaya da ruwa ɗaya, ɗaya da yashin kwalba yadda ya zo, ɗaya da wanda aka wanke. Ajiye su a inuwa, a riƙa danna ƙusa duk bayan awa guda. In tazarar kamawarsu ta wuce awa ɗaya, kayan na bukatar wanki. Wankin kuwa a duro ake yi: a jiƙa, a juya, a tsiyaye, a sake ruwa sau uku ko har kumfa ta daina tasowa, sannan a baza a kan tamfol ya tsane. Ruwan daɗi za a sa, ba na rijiyar Jidda mai gishiri ba.

Abu na biyu da ke cikin buhun shi ne alminiyom, zoben da ke saura a wuyan kwalba bayan an murɗe marfi. Warshar na da maganaɗisu a kan bel ɗinsu, yana kwashe marfin ƙarfe, amma alminiyom ba ruwansa da maganaɗisu. Da ya shiga ɗanyen siminti sai ya fara fitar da iskar haidurojin, ta bar ƙananan ramuka, wani lokaci ta ɓalle fuskar daɓen kamar tabon ƙyanda. Wanda ke son ya tabbatar, ya zuba ɗan yashin a kofin roba da ruwan sodar sabulu, a waje, da safar hannu da tabarau. In ƙananan kumfa na tasowa daga wasu ƙwayoyi, su ne. Ana rage su da rariya da tsinta da hannu. A kuma tambayi mai kaya ko yana karɓar dogayen fitilun ofis da gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya. Na farkon na da zaiba, na biyun na da dalma, duka ba su da gurbi a tsakar gidan da yara ke rarrafe.

Duk waɗannan ana ganinsu a kwana ɗaya a gyara. Babbar matsalar gilashi a cikin siminti ba ta nuna kanta sai bayan watanni ko shekaru. Gilashin kwalba da na taga kusan kashi 70 zuwa 74 cikin 100 silika ne, irin wadda narka ta a wuta ya bar ta a sake, ba a ɗaure kamar ta yashin rafi ba. Siminti kuma na ɗauke da sodiyom da fotasiyom, 'yan'uwan kanwa, waɗanda injiniyoyi ke kira alkali (ba na kotu ba). In danshi ya haɗa su, ruwan da ke cikin kafofin kankare sai ya dinga cin gilashin, ya samar da wani abu mai yauƙi. Abin nan na shan ruwa yana kumbura, kankare kuwa ba ya miƙewa, sai ya tsage daga ciki. Alamarsa tsagewa ce mai rassa ta ko'ina kamar busasshen tabki, wani lokaci da farin ruwa mai danƙo yana tsattsafowa daga tsagar. Wani injiniya a Kalifoniya, Thomas Stanton, shi ya fara bayyana wannan ciwo a 1940, a kan wasu duwatsu, tun kafin a fara tunanin zuba kwalba a kankare.

Abu uku yake bukata: silika mai saurin narkewa, alkali, da danshi. Zafi kuma na hanzarta shi. To a duba Jidda. Ga zafi, ga raɓar teku, ga ruwan ƙasa mai gishiri da ke kusa a unguwanni da yawa, kuma gishirin kansa sodiyom ne da ke ƙara wa wutar itace. Abin da zai yi lafiya a busasshen ɗaki a Riyad ba lallai ya yi lafiya a hosh, wato tsakar gida, da ake wankewa kullum a Jidda ba.

Girman ƙwaya na da tasiri ƙwarai, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Binciken da Christian Meyer da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Columbia ta New York wajajen 2000 ya nuna farin gilashi ya fi kumbura in ƙwayarsa na tsakanin milimita 1 da 2 da ɗoriya, koren kwalba kuma, saboda sinadarin kuromiyom da ke ba ta launi, kumburinta kaɗan ne. Ƙasa da milimita 0.3 matsalar na raguwa sosai. In aka niƙa shi ya koma gari ƙasa da milimita 0.075, sai ya juya ya zama mai taimako, ya haɗu da farar ƙasar da siminti ke saki ya ƙara toshe kafofin kankare. Amurka ma ta fitar wa wannan garin ƙa'ida tasa, ASTM C1866, a 2020. Yanzu a koma ga buhun warshar nan: fari ne galibinsa, kuma rariya ta nuna kaso mai yawa na matsakaicin nasu na zaune daidai tsakanin milimita 1.18 da 2.36. Abin takaicin, wannan girman shi ne mu'allimai ke so, don shi ke cike giɓin yashin sahara da ya cika laushi. An gudu gara an faɗa zago.

Takarda biyu masu warshar suke nunawa, ta rariya da ta ƙarfin kankare a kwana 28. Duka biyun ba laifi, amma ba su taɓa wannan batun ba. Kankaren da zai tsage a shekara ta uku yana iya cin gwajin kwana 28 lafiya lau. Takardar da ya kamata a nema ita ce ta gwajin kumburi. A ASTM C1260 ana jiƙa sandunan kwaɓi a ruwan soda mai zafin digiri 80 na kwana 14, in kumburin bai kai kashi 0.10 cikin 100 ba an tsira, in ya wuce 0.20 akwai haɗari. In an sa wani gari a cikin simintin don magani, C1567 ake yi. Mai tsawon shi ne C1293, shekara guda a digiri 38, iyakarsa kashi 0.04. Warshar ba ta da ko ɗaya, kuma mai sayarwar ya fi son ya mayar da zancen kan farashi. Mukawil, wato ɗan kwangila, da zai ɗauki tan da yawa ya kai samfur ɗakin gwaji da kansa, da simintin da zai yi aikin da shi, ba wani ba.

Akwai kuskuren da ya yaɗu a tsakaninmu, wai in dai an sa siminti mukawim an gama. Mukawim maganin sulfet ɗin da ke cikin ƙasa ne, shi ya sa ake zuba tushen gini da shi a bakin teku. Ba a yi shi don wannan ciwon ba. Ko siminti mai ƙarancin alkali, wanda bai wuce kashi 0.60 ba, bai isa shi kaɗai ba, domin gilashin na ɗauke da nasa sodiyom ɗin, kashi 12 zuwa 15 na nauyinsa. Abin da ke aiki shi ne a rage siminti a maye gurbinsa da garin da ke shanye alkali: tokar kwal kashi 20 zuwa 30, ko garin kashin ƙarfe, wato dattin da ke fita wajen narka ƙarfe, kashi 40 zuwa 50, ko maikurosilika kashi 8 zuwa 10, ko gasasshen farin yumɓu kashi 10 zuwa 20. Saudiyya ba ta ƙona kwal don lantarki, don haka tokar daga waje ake kawo ta. Akwai kuma garin dutsen aman wuta na harra, irin Harrat Rahat da ke tsakanin Makka da Madina, amma ƙarfinsa ya danganta da wurin haƙa da laushin niƙa, sai an gwada.

Ga lissafin da ya dace da daɓen tsakar gida, ko bardura, wato dakalin bakin titi, ko hanyar ƙafa, a kan iyar 350, wato siminti kilo 350, buhu 7, a kubik mita ɗaya na kankare. Kwaɓin asali: siminti kilo 350, ruwa lita 158, yashi kilo 780, tsakuwa kilo 1110. A cire kashi 20 na yashin, kilo 156. Gilashi ya ɗan fi yashi sauƙi, nauyinsa 2.5 ne a kan 2.65, saboda haka kilo 147 ne zai cike wannan gurbin, ba 156 ba. Daga simintin a cire kilo 88 a sa tokar kwal, ko a cire kilo 28 a sa maikurosilika. Mai kwaɓa buhu-buhu a ƙaramin inji: ga kowane kilo 50 na siminti da garin maganin a haɗe, yashi kilo 89, yashin kwalba kilo 21, tsakuwa kilo 159, ruwa lita 22 da rabi. A auna bokiti ɗaya a sikeli a yi masa layi da fenti, kar a bar wa lebura kirdado da shebur.

Kar a wuce kashi 20. Har zuwa nan ƙarfin bai cika bambanta da na yashi zalla ba. Daga nan sama yakan fara sauka, saboda jikin gilashi sumul yake, siminti ba ya samun abin kamawa. Manyan ƙwayoyin sun fi wannan aibin. Fasa kankaren da aka yi da su, za ka ga gilashin ya zame ya bar gurbinsa fes yana sheƙi, maimakon ya karye tare da simintin kamar yadda tsakuwar kirki ke yi. Shi ya sa ba a maye tsakuwa da shi.

Wajen kwaɓi, gilashi ba ya shan ruwa ko ɗis, amma kusurwoyinsa na sa kwaɓin ya yi kamar ya bushe. Nan ne ake cutuwa: mai inji ya ga ya yi tauri ya ƙara bokiti, ruwan kuma ba inda za shi sai sama. Bayan minti ashirin sai ka ga ya taso ya kwanta a fuska, in aka shafe a haka fuskar za ta yi ƙura ta riƙa ɓarewa. A bar ruwan yadda aka auna, a sa maganin laushin kankare gwargwadon abin da ke rubuce a jarkarsa. A fara zuba tsakuwa da rabin ruwa, sai siminti da garin magani, sai yashi biyun, sai sauran ruwan, a bar inji ya juya minti uku. Na'urar girgiza kar ta daɗe a wuri ɗaya. Kar a shafe sai ruwan saman ya ƙafe.

Da rani, dokar hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, ta ma yi wa kankaren gata. Zubi bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya ya fi, kuma yawancin ƙa'idojin aiki a yankin nan ba sa son zafin ɗanyen kankare ya wuce digiri 32. A rufe tulin yashin kwalban da tamfol kafin lokacin. Bayan zubi a lulluɓe da jiƙaƙƙen algarara da leda a sama, kwana 7 cur, in an sa toka ko garin kashin ƙarfe a kai kwana 10, don ƙarfinsu a hankali yake zuwa.

Pila, bim, daki, tushe, tankin ruwa na ƙasa: babu. Duk inda rodi yake, tsaga ɗaya ta isa gishirin Jidda ya sami hanyar shiga, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, a haɗu da ciwo biyu. Muhandis, wato injiniya, mai bin kundin gini na SBC 304 ba zai sa hannu a kan yashin da ba shi da takardar kumburi ba, kuma da gaskiyarsa.

Interlok ne ya fi karɓarsa a cikin kayan siminti. Kwaɓinsa busasshe ne, ana matse shi da inji, ba rodi a ciki, in ɗaya ya lalace a zare a sa wani. A Hong Kong an daɗe ana shimfiɗa irinsa a hanyoyin ƙafa. Mai saye ya nemi abin da ASTM C936 ta gindaya, matsakaicin ƙarfi megafaskal 55, shan ruwa kar ya wuce kashi 5, mai kaurin santimita 6 na ƙafa, mai 8 na mota. Ya kuma tambayi mai bugawa wane garin magani ya sa, in ya yi shiru ka san amsar. A ba wa shimfiɗar gangara ta kashi 2 don kar ruwa ya kwanta.

Manya masu launin nan kuwa suna da kyau a ido, musamman shuɗi da ruwan zuma a cikin farin siminti, in aka goge daga dutsen guga mai lamba 50 zuwa 400 ko 800. Falo da majalisa da teburin shago, inda ƙasa a bushe take, ba damuwa in an haɗa simintin da gasasshen yumɓu an kuma shafa maganin toshe kafofi. Banɗaki da kicin da wurin alwala na masallaci a'a, ga danshi kullum ga santsi. In dole sai an yi a can, a ɗaure gilashin da gam ɗin ifoksi a bar siminti. Mai gugar ya yi da ruwa, ya sa takunkumi da tabarau.

Garin nasu mai laushi shi ya fi ba da sha'awa, da a ce laushin ya kai. Zuba shi a rariya mai lamba 200, wato milimita 0.075. Wanda zai maye siminti sai kusan dukkansa ya wuce. Nasu kaso mai yawa na tsayawa a sama, don haka yashi mai laushi ne, a lissafa shi cikin yashi, kar a rage siminti ko kilo ɗaya saboda shi. Duk da haka ya fi matsakaicin aminci a cikin kwaɓi.

Batun kuɗi, a bakin warsha yana da araha. Ƙara kuɗin mota, da ruwan wanki, da yinin lebura biyu, da garin magani, sai ka ga a ƙaramin aiki kwalliya da ƙyar take biyan kuɗin sabulu, tunda yashi da baɗha, wato yashin kwari, ba tsada suke a yankin ba. Inda ribar take ƙarara shi ne aikin da ba siminti: shimfiɗar ƙarƙashin interlok mai kaurin santimita 3 zuwa 4, da cikon da ake yi wa bututun ruwa a rami. A can ba alkali, ba ruwan kowa da sukari ko zoben alminiyom, ruwa kuma na ratsa shi da sauri. Sai dai a tankaɗe shi da rariyar milimita 4.75 kafin a baza, kuma cikon tsakanin bulo da bulo a sama a yi shi da yashi na gaske, saboda masu yawo ba takalmi a hosh.